Gidan Da Ba A Ɗauke Wa Wuta

Asabar, da hantsi

Mun yi baƙo, kuma a falo zai zauna har wata guda. Wani ɗan akwati ne ruwan toka, kaurinsa bai wuce littafi uku a haɗe ba, yana da jan ido ɗaya da ke ƙiftawa. An kafa shi a bango kusa da mita, daidai saman kantar littattafaina.

Bari in rubuta dalili tun ban rikita shi ba. Kamfanin wuta ya nemi ƙarin kuɗi, ƙari kuwa ba na wasa ba. Hukumar da ke sa musu ido ta ce ba ta yarda ba, sai a layin da ake ba wuta kusan dare da rana. Kamfani ya ce ai layinmu yana ciki. Mu da fanka ta zame mana kayan ado! Shi ne hukuma ta ce za ta auna da kanta. A sa akwati a gida ɗaya ya riƙa lura da zuwan wuta da ɗaukewarta, in wata ya cika a yi zama a gaban jama'a a yanke hukunci.

A taron 'yan layi Baba Mai Niƙa ne ya ce a sa a gidanmu. Wai, "Amarya ba ta zuwa ko'ina, littafi ya ɗaure mata ƙafa, ba mai taɓa akwatin nan." Kowa ya yi dariya har da maigidan. Shekarata biyu a layin nan, har yau ni ce Amarya.

Matar hukumar da ta kawo shi babba ce, mai tabarau, fuskarta ba wasa. Amma ana cikin ɗaure akwatin na ga ta karkata kai tana karanta bayan littattafaina. Ta zaro ɗaya, ta rage murya.

"Kina da na biyun wannan?"

"Yana wajen mai hayar littattafai, Anti. Layi ake yi a kansa."

"Ni ma a nan na tsaya, inda ya tafi ya bar ta a tasha."

Sai ta yi gyaran murya ta koma ma'aikaciya, ta ce kar a taɓa, kar a goge da ruwa, kar a rataya masa komai.

Maigidan ya ce in ƙarin nan ya tabbata, rufe shagon ƙanƙara zai yi, don firiza ba ta san haƙuri ba. Ya faɗa yana dariya, amma bai cinye abincinsa ba.

Talata, bayan azahar

Ina kwance bakin taga ina karatu na ga wani mai tsani, sanye da rigar kamfanin wuta. Bai je falwayar ƙofar gida ba, ta lungun baya ya bi. Can sai ga maigidan ya dawo daga shago, shi da ba ya dawowa da rana ko hula ya manta. Suka tsaya jikin katanga suna magana ƙasa-ƙasa. Na ji maigidan ya yi wata dariya, irin wadda yake yi wa mai shagon da yake haya.

Da ya shigo na ce, "Lafiya?"

"Gyara ne."

"Me ya lalace?"

"Malama, koma kan littafinki. An ɗaura auren ko har yanzu suna kuka?"

Malama yake ce mini in yana son in yi dariya in bar magana. Na yi dariyar.

Laraba, da la'asar

Tun jiya ba a ɗauke wuta ba.

Alhamis, da hantsi

Har yanzu! Na goge duk kayan da ke cikin akwati, har da zanin gado da labule. Na kwanta ƙarƙashin fanka na gama littafi guda ba tare da zufa ta ɗiga a shafi ba. Na ji ni kamar matan cikin labari, waɗanda ba a taɓa cewa sun tashi neman ashana.

Sai dai wani abu ya yi ta sukata, na rasa ko mene ne, sai ɗazu. Shiru ne. A layin nan in aka kawo wuta yara ihu suke sawa, injin Baba Mai Niƙa ya hau kuka, rediyon mai wanki ya cika unguwa. Kwana biyu ban ji ko ɗaya ba.

Na leƙa gidan Maman Tagwaye, maƙwabciyarmu ta jikin katanga. Na same ta tana yi wa yaran fifita da kwali.

"Ba ku da wuta?"

"Wuta? Amarya, a wane littafin kika karanta?"

Na ce wasa nake. Na dawo na tsaya tsakiyar falo. Fanka tana ta juyawa.

Asabar, da yamma

Maigidan ya kwaso firizojin shago guda biyu ya kawo gida. Ɗaya a baranda, ɗaya a ɗakin da muka ce na yara ne in Allah ya kawo. Gurnaninsu ya cika gidan. Ya ce na ɗan lokaci ne.

Ban tambaye shi yadda aka yi ya san wutar za ta daɗe ba.

Litinin, bayan azahar

Asiri ya tonu, don firiza ba ta ɓuya. Tun safe ake sallama. Wannan waya, wannan tocila, wannan kwanon miya a sa mata a firij kar ta yi tsami. Soket ɗin falo ya yi kama da uwar kaza da 'yan tsaki. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, ban taɓa tara mutane haka ba.

Maman Tagwaye ta zo karɓar wayarta, ta tsaya ƙarƙashin fanka ta buɗe hannuwa.

"Kai, masu gari! Amarya, ki ba mu sirrin mana. Ko addu'ar ma ta layinku daban ce?"

Ta yi dariya, na yi. Amma idonta yana kan akwatin bango. Shi ma yana kallonta, ƙift, ƙift.

Talata, da safe

A littafi, duk abin da ke da ido ɗaya a bango na mugu ne. Na daina canza kaya a falo.

Laraba, da la'asar

Baba Mai Niƙa ya zo da kansa. Bai kawo caji ba, bai karɓi ruwa ba. Ya tsaya daga bakin ƙofa, garin niƙa a gashin girarsa.

"'Yata, akwatin nan wutar wa yake ƙirgawa?"

"Ta gidan nan, Baba."

"A takarda kuma ta wa za ta zama?"

Bai jira amsata ba.

"Ta layi duka za ta zama. Ku ku sha iska, mu mu biya kuɗin iskar. Ki gaida maigidan."

Ya juya. Sai lokacin na fahimta sosai. Ni da nake gane mugun labari tun shafi na goma, an yi mako ana rubuta wannan a falona ban gani ba.

Alhamis, da hantsi

Yau da sassafe ihun yara ya tashe ni. An kawo wuta layi duka! Injin niƙa ya tashi, rediyon mai wanki ya tashi. Na ce alhamdu lillahi, ashe gyaran ne ake bi gida-gida, na zargi bawan Allah a banza.

Rana na ɗagawa sai ga farar motar hukuma. Anti mai tabarau ta shigo duba akwati. Ta leƙa gida biyu, ko'ina fanka na juyawa. Ta rubuta, ta gyaɗa kai. Baba Mai Niƙa ya bi ta yana rantsuwa cewa yau ne kawai, ta ce, "Baba, ni abin da na gani nake rubutawa."

Na buɗe baki zan yi magana, sai maigidan ya shigo da ruwa mai sanyi a faranti. Yau ma yana gida.

Mota ta fita layi, ko ƙurarta ba ta kwanta ba injin niƙa ya yi shiru. Tamu fankar ko gezau.

Juma'a, bayan azahar

Wani ne ya gaya wa kamfani gidan da aka sa akwati. Wani ne kuma ke gaya musu ranar da Anti za ta zo. Na yi ta juya mutanen layi a kaina. Baba Mai Niƙa ne ya zaɓi gidanmu, me ya sa mu? Mijin Maman Tagwaye direba ne, wa ya san wa yake tuƙawa? Mai wanki yana goge rigunan 'yan kamfanin. Har ita Antin na sa a ciki, don mai tabarau a labari ba ta cika zama yadda aka zata ba.

Akwai mutum ɗaya da ban sa ba. Ba zan sa shi ba.

Asabar, da safe

Ina shanya na ɗaga kai na gan ta. Sabuwar waya, baƙa, tana sheƙi, ta fito daga bayan rufinmu ta tsallake katangar baya ta nufi falwayar titin asibiti, inda ba a ɗauke wuta. An lanƙwasa ta ta bi cikin reshen bishiya. In ba mai shanya ba, ba mai ganinta.

Na tsaya da jiƙaƙƙiyar rigar maigidan a hannu har ta daina ɗiga.

Lahadi, da yamma

Na jira sai da maigidan ya ci ya sha.

"Ka san wayar da ke bayan gida?"

Bai ɗago ba. "Ni na kira su? Ni na ce su sa?"

"Ka ce su cire?"

Ya daɗe yana juya kofi. Firiza na gurnani a baranda.

"Mutumin ya ce gidan da ke da na'urar hukuma dole wutarsa ta tsaya, umarni ne daga sama. Ni wane ne da zan yi musu da sama?"

"Ka yarda da maganarsa?"

"Malama, ƙanƙarar nan da kike ji ita ke biyan haya, ita ke hayo miki littafi. Wata uku ina zubar da ruwa a kwata. Wannan makon ne kaɗai na kwana ban yi lissafi ba. Duniya ba littafi ba ce."

"In aka yi ƙarin fa? Ba kai ka ce rufe shago za ka yi ba?"

"In an zo nan a gani."

Ya tashi ya fita. Wannan karon da ya ce Malama ban yi dariya ba.

Talata

Ba wanda ya kawo caji.

Laraba, da la'asar

Tagwaye sun saba zuwa in ba su labari, ina canza muryoyi suna faɗuwa don dariya. Yau sun taho da gudu, uwarsu ta ƙwala musu kira daga ƙofa. "Ku dawo nan! Gidan manya ne, kar ku ɓata musu iska." Ta san ina ji.

Na kashe fanka na zauna cikin zafi. Akwatin bai damu ba, shi wutar bango yake gani, ba zufata ba.

Alhamis, da hantsi

Yau ma wuta layi duka. Ban ko duba taga ba na ɗora ruwan shayi, na san farar mota na hanya. Anti ta zo, ta duba, ta tafi, aka ɗauke.

Saura mako guda a yi zaman.

Juma'a, da la'asar

Ban je ko'ina ba. Wajen mai hayar littattafai kawai na je, layi ya zo kaina, na karɓo na biyun nan.

Juma'a, bayan magariba

Ƙarya na rubuta ɗazu. Wa nake ɓoye wa?

Daga wajen mai haya ofishin hukumar na wuce. Bene ne mai dogon baranda, benci cike da mutane kowa da takardar kuɗin wuta a hannu, wata tsohuwa tana ta faɗa wa bango cewa ƙwan lantarki ɗaya gare ta a ɗaki. Na samu Anti a ƙarshen baranda, bayan tarin fayil.

Na gaya mata komai ban da tsayuwar jikin katanga. Na ce ta zo ba tare da kowa ya sani ba. Ta cire tabarau ta murza ido.

"Ƙanwata, ba zai yiwu ba. Ƙa'idarmu ce, duk ziyarar aiki sai mun rubuta wa kamfani tukuna, don kar su ce an yi musu kwanton ɓauna. Ranar zuwa, da gidan da aka sa akwati, duk muna aika musu."

"Ku kuke gaya musu?"

"A rubuce, da hatimi."

Na ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Ashe ba munafuki a layinmu. Ba Baba, ba direba, ba mai wanki. Ba maigidan ba. Bai sayar da mu ba, shiru kawai ya yi. Sai kuma wani tulun ya hau, don shirun ma ai nasa ne.

Na ce, "In kin ga abu da idonki fa, ba da aiki kika je ba?"

"Ido ba ya neman izini. In na ga an yi wa na'urarmu wasa, nan take zan ɗauki hoto in kira shaidu."

Na buɗe jaka na nuna mata bangon littafin. "Anti, na samo na biyun. Sai dai ni ba na ba da aro a waje, gida ake zuwa a karɓa."

Ta dubi littafin, ta dube ni.

"Kin san wayar a rufin wa take? Tara za ta hau kan maigidanki, ba kamfani kaɗai ba."

"Na sani."

"Ya san kin zo?"

Na mayar da littafin jaka. Ta mayar da tabaranta.

"Lahadi ba na aiki," in ji ta.

Asabar, da rana

Littafin yana ƙarƙashin matashi. Wata biyu ina jiransa, na kasa buɗewa. Maigidan ya kawo mini shukar fure a gwangwani yau, ba dalili. Na yi godiya ban kalle shi ba.

Lahadi, da la'asar

Anti ta zo da ƙafa, da mayafi da 'yar jaka, kamar mai zuwa gaisuwa. Layi tsit, ga zafi. Ta zauna a falo, na miƙa mata littafin da hannu biyu. Ta dubi fanka. Ta tashi ta shiga gidan Maman Tagwaye, ina biye.

"Baiwar Allah, a taimaka mini da ruwa mai sanyi."

"Mai sanyi? Hajiya, kin ɓata hanya, gidan gaba za ki koma. Mu nan sai ranar da 'yan hukuma za su zo ake..." Sai ta gane fuskar, ta kama baki.

Daga nan komai ya tafi da sauri. Na kai ta wajen igiyar shanya na nuna sama. Ta ɗauki hoto ta kowane ɓangare. Aka kira Baba Mai Niƙa da mai wanki suka sa hannu. Layi ya cika bayan gidanmu, kowa kansa a sama.

Ana cikin haka maigidan ya dawo. Ya dubi mutane, ya dubi wayar, ya dubi littafin da ke hannun Anti. Ya san bangon, shi ya ba ni kuɗin hayarsa. Sannan ya dube ni.

Ya juya ya shige ɗaki. Da ma ya yi faɗa.

Litinin, da hantsi

Mai tsani ya zo da sassafe yana sauri, ya tarar da 'yan hukuma sun riga shi. A gabansu ya cire abin da ya sa. Ina tsaye a falo fanka ta rage gudu, ta rage, ta tsaya.

Talata

Ƙanƙarar ta narke. Ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin yara har falo. Ni na goge. Maigidan ya ci abinci, ya ce an gode, kamar baƙo.

Laraba

A littafi, a nan ne yake riƙo hannunta.

Alhamis, da yamma

An yi zaman. Babban zaure, manyan hukuma a kan dogon tebur, 'yan layinmu a baya sun sha wanka. Mutumin kamfani ya haska zane a bango, layi miƙaƙƙe ba ko lotsawa, ya ce na'urar hukuma ce da kanta ta shaida. Sai Anti ta haska hotunanta. Zaure ya ɗauki hayaniya. Mutumin kamfani ya ce kuskuren ƙaramin ma'aikaci ne, su ma yanzu suke ji.

Shugaban zama ya ce, "Ina mai gidan?"

 Maigidan ya miƙe a hankali, hularsa a hannu.

"Ranka ya daɗe, a gabana aka sa. An ce umarni ne daga sama. Na ga maƙwabtana cikin duhu, na yi shiru, na kuma ci moriya. Iyakar abin da na sani ke nan."

Ya zauna. Baba Mai Niƙa da ke bayansa ya ɗora masa hannu a kafaɗa, ya bar farin tambarin yatsu a rigar.

An soke awon. Ba ƙari a layinmu sai an sake aunawa. An ci kamfani tara, an ci maigidan tasa. Baba ya ɗaga hannu ya ce a daina rubuta wa kamfani gidan da akwati yake. Shugaba ya ce za a duba. Ban yarda da wannan za a duba ba, ko kaɗan.

Asabar, bayan la'asar

An sayar da firiza ɗaya, ta ɗakin yara. Akwatin ma an cire, saura ramukan ƙusa huɗu a bango. Maman Tagwaye ta aiko da yaran da kwano a rufe, ba saƙo. Na fahimta, ta huce.

Ɗazu ni da maigidan muna zaune a baranda, ba wuta, kowa da kwalinsa yana fifita. Kwana nawa ba mu yi magana ta kirki ba. Sai ya ce, yana kallon titi,

"To, a littafin nan naki, ya koma ya ɗauko ta a tashar?"

"Ban sani ba."

"Kamar yaya ba ki sani ba?"

"Ban karanta ba. Yana wajen Anti."

Ya juyo gaba ɗaya. "Ke? Kika ba da littafi ba ki karanta ba?" Ya yi ta kallona, sai ya fashe da dariya, tasa ta gaske, ba ta mai shago ba. Ya share ido. "Lallai abin ya kai. Malama, ni na kasa, ke kika iya. Amma gobe in za ki kashe mini firiza, ki gaya mini in kwashe ƙanƙara."

Sai ihun yara ya tashi daga farkon layi har ƙarshe. Injin Baba ya hau kuka, rediyon mai wanki ya kama, fankarmu ta motsa tare da ta kowa.

Muka kalli juna. Ba wanda ya yi murna.

"Yau Asabar," in ji shi. "Wa ke hanya?"

Na tashi na je taga ina duban titi.